Hatimin da Aka Ara

Na san abin da ake gaya muku a kaina. Ko ba a faɗa a gabana ba, yana dawo mini. Wai babanku ne ya zana benen nan na bakin tasha da ya rufta da mutane, wai aikin ha'inci ya yi, shi ya sa aka soke sunansa. Ke Zainabu, har a gidan mijinki aka yi miki gori da wannan magana, kika dawo ido jawur kika ƙi gaya mini dalili, sai a bakin ummanku na ji. Kai kuwa Usman, na lura tun da ka fara aiki ka daina haɗa sunanka da nawa. Ban ce maka komai ba, amma kada ka ɗauka ban gani ba. To, yau ku buɗe kunne. Inna ta rasu, Yaya Hamisu ya rasu, ni ma gwiwa ta fara ƙi, babu sauran wanda nake rufa wa asiri. Ba labarin makarantun da na yi zan ba ku ba, wannan kun sha ji har kun gaji. Shekara guda zan ba ku, wadda ta cinye sauran.

Aikina zanen gini ne. Duk Birnin Gwari Injiniya ake ce mini, na yi gyara har bakina ya gaji na bari. Injiniya shi ke lissafin rodi da nauyi, ni kuwa ni ke zana gida tun yana cikin kai, in ce nan ƙofa, nan taga, nan matakala, sannan mu zauna da shi mu ga ko tushe zai ɗauka. Duk wanda ya gama karatun nan, hukumar masu zanen gini ta yi masa rajista, sai ya mallaki hatimi, wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ake matsa takarda a ciki, sunanka da lambarka su fito a jikinta. Doka ta ce ba a tayar da bene sai da zane mai irin wannan hatimi. Kuma in ka matsa shi, daidai yake da ka rantse cewa ginin ba zai kashe kowa ba. In ya faɗi, ba birkila za a fara nema ba, kai za a nema. Ni kaɗai ke da shi a duk zuriyarmu, kuma a ɗakina na gidan Inna yake zama, cikin durowa, don a nan nake aiki.

Sai kun san gidan da muka tashi za ku gane abin da ya faru. Gidanmu gidan aro ne. Baba manomi ne, ba shi da wata dukiya, amma ba a taɓa zuwa aron abu ƙofarmu an koma hannu rabbana ba. Garma, jaki, tsani, babbar tukunyar biki, turmin Inna da ya fi mai unguwa sanin gidajen unguwa. Babbar rigar Baba shuɗiya ta halarci ɗaurin auren da shi kansa bai je ba. Har Fulanin da ke sauka bayan gari da rani, matansu wurin Inna suke zuwa aron rariya da taɓarya. Da wannan take taƙama. Takan ce a gidanta ba a cewa babu, kuma sharaɗinta ɗaya ne, ka dawo da abu yadda ka ɗauke shi. In ya dawo lafiya, magana ta ƙare, ba wanda ya cuci wani.

Shekarar da nake faɗa ita ce wadda daji ya fi zafi. 'Yan bindiga sun hana noma, mutanen Tabanni da Randagi da Kazage suna ta kwararowa gari, mace da goyo da buhun dawa da tukunya duk a kan babur ɗaya. Makarantun firamare sun cika, rumfunan kasuwa sun cika, ko ɗakin awaki ka share sai ka sami mai haya. Yayana Hamisu yana da jerin shaguna a bakin tasha. Na san shagunan nan tun ana buga bulonsu. Bulo ne na yashi da aka nuna wa siminti daga nesa, ka murza shi da yatsa ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli. Rufin kwano aka gina su su ɗauka, ba wani abu ba. Shi ne wata rana bayan la'asar ya same ni a zaure, ya zauna ya gyara riga, wai zai zuba dekin, wato rufin kankare, a kansu, ya ɗora ɗakunan haya. Har ya sa wani mai zane a Kaduna, irin na bakin titi, ya zana masa. Hatimi kawai ya rage.

"Ara mini abin nan naka," in ji shi. "Matsawa ɗaya ce, in dawo maka da kayanka."

Na ce, "Yaya, ba a aron hatimi. Bari in zana maka sabo kyauta. A rushe shagunan, a haƙa tushe, a sa ginshiƙai."

"A rushe? Mutane na kwana a ƙasa kamar kaji, kai kana maganar rushewa? Kai dai boko ya busar maka da zuciya, ba ka da tausayi."

"Bulon nan ba zai ɗauki dekin ba, Yaya. Wallahi zai kashe mutane."

"Allah ke kashewa, ba bulo ba. Ni da na goya ka, yau ni kake karanta wa doka?"

Tausayi! Wai shi ne mai tausayi, mutumin da ya ƙara wa masu shagunansa haya a watan da aka fara gudu. Ya tashi ya kaɗe riga ya shige cikin gida, kuma na san inda ya nufa. Ba a jima ba Inna ta kira ni. Na same ta a kan tabarma tana tsintar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Kun tuna ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne, Babba take ce masa.

"Ɗanlami, Babba ya ce ya nemi aron wani ɗan ƙarfe ka hana shi."

"Inna, ba ƙarfe ba ne, sunana ne."

"Sunan naka zai cinye? In ya matsa, ƙarfen raguwa yake yi?"

"Ba ya raguwa, Inna. Amma in ginin ya faɗi..."

"Tir da bakinka! Mugun fata kake yi wa ɗan'uwanka? A gidan nan aka ara wa baƙo jaki ya tafi da shi har Funtuwa, kai ka hana yayanka abin da bai kai ludayi ba?"

Na yi bayani iya bayani. Na ce mata kamar a ce ta ara wa wani bakinta ne ya je gaban alƙali ya yi rantsuwa da shi. Ta ce ita ba ta ga baki a nan ba, ƙarfe ta gani. Na ƙi, ta juya mini baya. Tuwon da ummanku ta aika mata ya dawo a rufe, haka washegari ma. Ana cikin wannan ciwon ummanku ya tashi, likita ya ce sai an yi mata aiki a Kaduna. A lokacin ba a bin hanyar sai da rakiyar sojoji, in ka fita ba ka san ranar dawowa ba. Na kulle ɗakina na kai wa Inna makulli, yadda kowa a gidan yake yi in zai yi tafiya. Wane ɗa ne zai sa makulli a aljihu uwarsa tana gida? Ta karɓa ta ɗaure a bakin zane, ta ce Allah ya ba da lafiya. Muka tafi da rani, jinya ta yi tsawo, hanya ta yi ta rufewa tana buɗewa.

Ban dawo ba sai da damina ta kankama. Ayarin motocinmu na shiga tasha na ɗaga kai, sai ga bene tsaye a kan shagunan Yaya, an shafa masa koren fenti, ga shanya a baranda. Ban nufi gida ba, hawa na yi. Matakala na motsi a ƙarƙashin ƙafata, dekin ya yi ciki a tsakiya, ga tsaga ta bi bango an toshe ta da sabon siminti. Na bi ƙofa ƙofa ina sallama, ina cewa ku fita don Allah, ginin nan ba shi da lafiya. A ɗakin ƙarshe na sami wani dattijo, Malam Idi, manomi daga Randagi, da matarsa Hansai. Ta kawo mini ruwa a kofin roba, shi kuma ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Injiniya, mu da muka kwana a daji harsashi na wuce kanmu, siminti ne zai ba mu tsoro? In mun fita ina za mu?"

Na sauka na sami Yaya, na ce ya bari in kafa ginshiƙai a cikin shagunan a tokare dekin, ya ce sai bayan damina, masu shago ba za su yarda a tsayar musu da ciniki ba. Na je wurin mai unguwa, ya ce maganar gida ce, mu sasanta. Na je ofishin da ke ba da izinin gini, na ce a zo a duba. Wanda na samu ya ce takardu sun cika, ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "Kai ma ai ka sani, Injiniya." Ban gane dariyar ba. Na ɗauka Yaya ya sami wani mara tsoron Allah ne ya sayar masa da hatimi, don akwai masu yi. Ba wanda ya taso daga kujera ya je ya ƙwanƙwasa bulo ko ɗaya.

Ranar wata Juma'a ce, ana ruwa tun safe. Maza muna masallaci muka ji ƙarar, wasu suka miƙe a guje sun ɗauka hari aka kawo. Ɓangaren ƙarshe ne ya zauna a kan shagunan. Da hannu muka yi ta tono cikin laka, ina ɗaga kankare ina ganin rodin da aka sa, siriri kamar tsinken tsire. An fitar da mata da yara da karaya da raunuka. Hansai ba ta fito da rai ba. Washegari 'yan sanda suka zo gida, na ɗauka Yaya suke nema, har na matsa in ba su hanya. Suka ce ni. Suka ce zanen ginin hatimina ne a kai, da lambata, da wani karce da aka ce sa hannuna ne. Da aka ba da belina na dawo, durowa na fara buɗewa. Yana nan a inda na bar shi, yana ƙyalli ma fiye da da. Na shiga wurin Inna.

"Inna, wa ya shiga ɗakina?"

"Ba wanda ya shiga. Ni na shiga."

"Kika ba shi?"

"Ai ya dawo da shi, Ɗanlami. Ko la'asar bai kai ba. Na duba babu abin da ya same shi, na goge shi da bakin zanena na mayar maka."

Wallahi da wani ne ya faɗa mini wannan magana da na shaƙe shi. Uwata ce. Na tsaya ina kallonta, ita kuma tana kallona da idon wadda ta yi abin kirki. A ganinta kunya ce ta shiga tsakanin 'ya'yanta, ƙane ya hana wa aro, ita kuma ta wanke ta ba tare da kowa ya ji ba. An ari abu, an dawo da shi lafiya, ina laifi? Mace na kwance a kabari, ita tana gaya mini ta goge shi da zane! Na fita, don na san in na buɗe baki zan faɗi abin da zai kai ni wuta.

Maganar 'yan sanda manya ne suka shiga suka kashe ta, aka yi ta bin waɗanda suka ji rauni ana ba su haƙuri, mutanen da ko wurin kwana ba su da shi balle ƙarfin shari'a. Amma hukumarmu ba ta san haƙuri ba, ta kira ni gaban kwamiti. Wani lauya abokina ya shimfiɗa mini maganar a fili. Ya ce hanya biyu ce. Ko dai kai ka matsa hatimin, ka tabbata mai sakaci da ya jawo asarar rai, a soke ka. Ko kuma wani ya ɗauka ya yi jabu, to sai ka faɗi sunansa, ya tafi gidan yari, kuma za a tambayi wanda ya buɗe masa ɗaki, a kira shi kotu. Wato Inna, tsohuwar da ba ta iya miƙewa sai an kama ta. Na sa ran Yaya zai zo ya ce, Ɗanlami, ni na yi, bari in je in faɗa. Haba! Yana zaure yana karɓar jaje, yana cewa ƙaddara ce, wai shi ma ya yi asara. In an tambaye shi sai ya ce ai shi bai san boko ba, takarda na nan da hatimin ƙanensa. Da kunnena na ji shi. Ranar da zan tafi gaban kwamitin, Inna ta kira ni.

"In ɗauri ne ni za a ɗaure, ni na ba shi. Amma kada ka kama sunan Babba, yana da iyali."

"Ni fa, Inna? Ni ba ni da iyali?"

"Kai kana da ilmi, ko'ina ka je za ka ci abinci."

Shugaban kwamitin tsohon malamina ne, shi ya koya mini zanen matakala. Ya baje zanen a kan tebur ya daɗe yana dubawa ta saman tabarau, sannan ya dube ni.

"Ɗanlami, wannan ba hannunka ba ne. Ko kana aji ɗaya ba ka yi wannan ƙazanta ba. Wa ya taɓa hatiminka?"

"Hatimina ne, ranka ya daɗe."

"Na san naka ne. Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Doka ba ta san abin da na sani ba, abin da ka faɗa za ta rubuta. Ka ba ni suna, in ba ka aikinka."

"Hatimina ne, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce in miƙo shi. Na miƙa. Kada ku ce ina zagin dokar, dokar gaskiya ta faɗa, hatimi ba turmi ba ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, doka ta iya gano ni a yini ɗaya bayan gini ya faɗi, amma duk watannin da ake ɗora shi a bakin tasha, a gaban kowa, ba ta da ƙafar zuwa. Daga nan na koma tsayawa a kan leburori a ƙarƙashin yaran da na koya wa riƙe fensir, ina kiransu oga. Karatunka na waje, Usman, da ka yi ta zargin rowa ce ta hana, a wannan tebur ya mutu. Duk wannan na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne.

Bayan sadakar arba'in ɗin Hansai, wata rana da hantsi, Malam Idi ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Muna zaure ni da Yaya, shi a tabarmarsa ni a tawa, ba ma magana. Inna kuwa na jiyo tarinta a bayan ƙofa. Dattijon ya ƙi zama. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

"Injiniya, ni ba shari'a na zo ba. A bayana na goyo ta a babur daga Randagi, ana harbi, Allah ya fitar da mu. An ce kai ka zana ɗakin. Na ce ƙarya ne, mutumin da ya zo da ƙafarsa ya ce mu fita? Aka ce ai don ya san abin da ya zana ne. Shi ne na zo in ji daga bakinka."

Na dubi Yaya. Na dube shi sosai, na ba shi lokaci. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, leɓensa na motsi, kai ka ce waliyyi. Tarin bayan ƙofa ya tsaya.

Na ce, "Ni ne, Malam."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ta ba ka ruwa ka sha." Sannan ya ce, "Na bar ka da Allah." Ya juya ya saka takalmansa ya tafi. Yaya ya numfasa, ya ce wai mutanen ƙauye ba su san tawakkali ba. Tun daga wannan hantsin ban sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba har ya mutu, kuma ban yi nadama ba. Na yi masa salla don haƙƙin Musulunci, na zuba ƙasa, na dawo gida na ci tuwona.

Inna ce ta riƙe bakina duk shekarun nan. Ta rasu ba ta taɓa yarda ta yi laifi ba, ni kuma na yafe mata, don uwa ce, kuma don har ga Allah ba ta gane ba. Da aka share makokinta, hanya ta ɗan yi sauƙi, na hau babur na nufi Randagi. Ban damu da hukuma ba, ban damu da mutanen tasha ba, mutum ɗaya nake so ya ji. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa masa. Na yi tambaya har aka nuna mini gidan, wata tsohuwa ta fito ta ce Malam Idi ai ya kwana biyu da rasuwa, tun kakar bara. Ta tambaye ni ko ni wane ne, in ji wa za a ce. Na faɗi sunana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja mayafinta ta rufe baki.

"Au, kai ne mai benen? Har ya cika yana ambatonka."

Ta shige ta turo ƙyaure.